Illela: Abin da ɗan kasuwa ke samu da abin da yake rasawa idan ya sallami tsohon mai haɗa masa manhaja

Duk ranar Lahadi kasuwar Illela takan cika ta batse. Shanu da raƙuma da tumaki sukan shigo daga ɓangaren Nijar, hatsi da kayan masarufi su fita daga ɓangaren Najeriya, kuma tsakanin garin da Birnin Ƙonni tafiya ce ta 'yan mintoci a kan babur. Shekaru aru-aru lissafin wannan ciniki yana zaune ne a cikin kan dillali da littafin magatakarda. A 'yan shekarun nan wani ɓangare na lissafin ya koma cikin waya da kwamfuta, musamman tun bayan ƙarancin takardun kuɗi na farkon shekarar 2023, lokacin da sauya fasalin Naira ya tilasta wa mai sayar da rago karɓar kuɗinsa ta taransifa ko ta na'urar POS.

Da wannan sauyi wata sana'a ta samu gindin zama a gefen kasuwancin: sana'ar masu haɗa manhaja da ke zaman kansu. Ba ma'aikatan wani kamfani ba ne. Mutum ɗaya ne da kwamfutarsa, galibi yana zaune a Sakkwato ko Kano ko Kaduna, ya gina wa mai kantin magani ko gidan mai ko makarantar kuɗi ko mai fiton kaya manhajar da ke riƙe masa lissafin kaya da bashi da albashi, sannan ya ci gaba da kula da ita ana biyansa duk wata ko duk shekara. Hulɗar takan ɗauki shekara huɗu, biyar, har fiye. Sai wata rana Alhaji ya daina kira. Bayan an kwana biyu labari ya iso cewa an samu wani yaro, ɗan maƙwabci ko wanda ya gama hidimar ƙasa, ya ce zai yi aikin a kan kashi ɗaya bisa uku na kuɗin.

Masu wannan sana'a suna ɗaukar abin a matsayin cin amana, 'yan kasuwa kuma suna ɗaukarsa a matsayin lissafi. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, amma ainihin abin da ake saye da sayarwa a tsakaninsu kusan ba a taɓa faɗinsa a fili ba, kuma daga nan matsalar take farawa.

Dalilin da ya sa ɗan kasuwa ke neman sauƙi

Wanda zai zargi ɗan kasuwar Illela da rowa ya fara duba abin da ya same shi. A watan Agustan 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, ba a sake buɗe Illela ba sai a Disambar 2020, tare da Seme da Maigatari da Mfum. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, takunkumin ECOWAS ya sake rufe iyakar, manyan motoci suka yi jerin gwano da kaya suna lalacewa, har zuwa Maris ɗin 2024. A tsakanin nan an cire tallafin man fetur, an saki Naira ta nemo wa kanta daraja, Dalar da gwamnati ke sayarwa a wajen Naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Mutumin da ya sha waɗannan a jere dole ya zauna ya bi kuɗaɗen da yake kashewa ɗaya bayan ɗaya, kuma idonsa zai fara sauka ne a kan wanda ba ya ganin amfaninsa da ido.

Kuɗin kula da manhaja irin wannan ne. Idan mai gadi ya zo aiki ana ganinsa a bakin ƙofa. Idan direba ya kai kaya akwai shaida. Amma aikin mai kula da manhaja, idan ya yi kyau, sakamakonsa shi ne a wayi gari babu abin da ya faru: lissafi bai ɓata ba, bayanai ba su ɓace ba, rasit ya fita yadda ya saba. Da wuya mutum ya ci gaba da biyan kuɗi da daɗin rai a kan abin da bai faru ba.

Faɗuwar Naira kuma ta matse tsohon hannun daga ɗaya gefen. Rumbun intanet da yake haya don ajiye manhajar, da wasu kayan aikin da yake biya duk wata, da Dala ake biyansu. Da kuɗin suka ninka sau uku, ko dai ya ƙara wa Alhaji farashi a daidai lokacin da Alhaji ke neman ragi, ko ya haɗiye asarar ya rage kulawa. Duk wanda ya zaɓa, ya buɗe wa wani ƙofa.

Daga ina sababbin hannun ke fitowa

Ba su da wuyar samu yanzu. Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi suna yaye ɗaliban ilimin kwamfuta duk shekara. A ƙarshen 2023 Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya, ƙarƙashin Dokta Bosun Tijani, ta ƙaddamar da shirin 3MTT da nufin horar da matasa miliyan uku a fannonin fasaha, rukunin farko mutum 30,000. Ga kuma darussan kyauta a YouTube. Tun fitowar ChatGPT a Nuwambar 2022 da sauran manhajojin ƙirƙirarriyar basira, abin da a da yake ɗaukar ɗan koyo wata guda yana iya haɗa kamanninsa cikin kwana biyu, ya nuna wa mai kanti a waya, shafi mai kyau da launi da maɓallai.

Su kuma waɗannan matasa manyan ƙofofi a rufe suke gare su. Misalin da aka fi tunawa shi ne na kamfanin Andela, wanda aka kafa a kan horar da matasan Afirka yana haɗa su da kamfanonin Amurka. A Satumbar 2019 ya sallami ƙananan injiniyoyi fiye da 400 a Najeriya da Kenya da Uganda, ya ce abokan hulɗarsa ƙwararru suke nema. Kasuwar duniya tana ture ɗan koyo saboda rashin ƙwarewa, sai ya juyo gida, inda makaminsa ɗaya shi ne araha. Yaron da ke zaune a gidan mahaifinsa, ba ya biyan haya, ba ya ciyar da kowa, yana iya karɓar abin da magidanci mai 'ya'ya huɗu ba zai iya karɓa ba. Kuma abin da yake nema a aikin farko suna ne, ba riba ba. Babu laifi a cikin wannan. Tsohon hannun ma, idan ya tuna, da haka ya samu Alhajin tun farko.

Abin da ba ya cikin farashi

A 1970 masanin tattalin arziki ɗan Amurka George Akerlof ya wallafa wata maƙala a kan kasuwar tsofaffin motoci, wadda tana cikin ayyukan da suka sa ya samu kyautar Nobel a 2001. Bayaninsa mai sauƙi ne, kuma duk wanda ya taɓa sayen mota 'yar Kwatano ya san shi a aikace. Idan mai saye ba ya iya bambance mota mai lafiya da mai ciwon ɓoye, ba zai yarda ya biya kuɗin mai lafiya ba. Masu motoci masu kyau sai su janye, kasuwa ta rage wa masu ciwo. Haka kasuwar manhaja take a wurin ɗan kasuwa. Yana iya buɗe bakin sa ya ƙirga haƙora, yana iya zura hannu cikin buhun gero ya gane na bana da na bara, amma manhajoji biyu a fuskar waya iri ɗaya suke gare shi. Abin da ya rage masa na aunawa shi ne farashi kawai.

Bambancin yana can ƙasa, kuma a gari irin Illela yana da yawa. A ɗauki misalin kuɗi. Ciniki a nan da kuɗi biyu ake yinsa, Naira da Sefa, Sefa tana ɗaure da Yuro a kan 655.957, Naira kuma tana hawa da sauka, don haka canjin safe ba lallai ya zama na yamma ba. Idan aka ba mutumin Tawa kaya bashi ranar Lahadi ya zo biya bayan mako uku, da wane canji za a lissafa, na ranar ɗauka ko na ranar biya? Kowane ɗan kasuwa yana da tasa ƙa'idar, wani lokaci ma ƙa'idar takan bambanta daga abokin ciniki zuwa wani. Hatta kalmomin ƙirga suna da tarko. A bakin mutumin Nijar dala ɗaya Sefa biyar ce, jikka ɗaya Sefa dubu, alhali a tsohon lissafin Najeriya jaka Naira 200 ce. Magatakardan da ya ji "dala ɗari" ya shigar da 100 ya zubar da kashi huɗu cikin biyar na kuɗin, sai dai idan an gina manhajar ta tambaye shi.

Haka awo yake. Buhun albasa ba nauyinsa ɗaya da na wake ba, tiya ba mudu ba ce, kuma akwai la'adar dillali da kuɗin 'yan dako da na lodi da harajin kasuwa, wasu ana cirewa daga mai saye, wasu daga mai sayarwa. Ga matsalar sabis: a bakin iyaka waya takan tsallaka zuwa layin Nijar ko sabis ya ɗauke gaba ɗaya, don haka manhajar da ba ta iya aiki ba tare da intanet ba, ta ajiye bayanai ta tura daga baya, za ta tsaya cik a ranar da aka fi buƙatarta.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake koyarwa a aji. Tsohon hannun ya koye su ne ɗaya bayan ɗaya, galibi bayan wani kuskure ya faru an kira shi da tsakar dare, ya gyara, ya ƙara layi biyu a cikin rubutun manhajar. Bayan shekara biyar manhajar ta cika da irin waɗannan faci. Idan sabon hannu ya buɗe ta abin da zai gani shi ne hargitsi, kuma abu na farko da zai ce shi ne a bar shi ya sake ginawa daga tushe. Wannan sha'awa ba ta 'yan koyo kaɗai ba ce. Kamfanin Netscape, wanda manhajarsa ta shiga intanet ta taɓa mamaye duniya, ya yanke irin wannan shawara a ƙarshen shekarun 1990, ya shafe kusan shekara uku kafin ya fitar da sabuwa a 2000, kafin nan Microsoft ya kwashe kasuwar. Kowane faci da aka goge darasi ne da aka riga aka biya kuɗinsa, za a kuma sake biya.

'Yan kasuwa sun fi kowa sanin wannan a nasu fagen. Masanin halayyar al'umma Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan a farkon shekarun 1960, ya bayyana yadda cinikin shanu na bashi ya dogara kacokan a kan maigida da dillalansa, waɗanda suka san wane mahauci ne ke biya, wane ne ke gudu. Babu bafataken da zai bar maigidansa na shekara goma saboda wani ya rage masa la'ada, domin ya san abin da yake saye sanin mutane ne. Abin mamaki shi ne mutumin da ba zai sauya dillali ba yakan sauya mai riƙe masa dukan lissafinsa ba tare da ya yi shawara da kowa ba.

Inda tsohon hannu ke da laifi

Sai dai ba kullum araha ke korar mutum ba. Sau da yawa farashi hujja ce kawai da ake fakewa da ita don a rabu lafiya. Wanda ya daɗe da abokin hulɗa yakan fara ɗaukarsa tamkar abin da ya riga ya mallaka. A shekarar farko yana ɗaga waya a bugu ɗaya, yana hawa mota ya yi tafiyar kilomita 80 da ɗoriya daga Sakkwato don matsalar da bai fi minti goma ba. A shekara ta biyar ya samu manyan ayyuka, wataƙila na ƙasashen waje da ake biya da Dala, saƙon Alhaji yana kwana uku ba amsa. Shi kuwa yaron yana nan cikin gari, ana kiransa zai zo a kan babur.

Akwai kuma laifin rashin bayani. Mutum ya kwana yana toshe wata ɓaraka, ya dawo da bayanan da suka kusa salwanta, amma bai faɗa wa kowa ba, ko don kunya ko don ganin ba za a fahimta ba. Takarda guda a ƙarshen wata, da Hausa, mai cewa ga abin da ya lalace, ga abin da aka gyara, ga asarar da aka kauce wa, da ta sauya yadda ake kallon kuɗin. Masana harkar sun daɗe da sanin cewa fiye da rabin abin da ake kashewa a rayuwar manhaja yana tafiya ne a kulawa da gyara bayan an gama ginawa, amma mai kanti bai taɓa jin wannan daga bakin wanda ya kamata ya gaya masa ba.

Dole kuma a yarda cewa wani aikin bai buƙatar ƙwararre. Shafin da ke nuna sunan makaranta da lambar waya, ko jadawalin kaya na ƙaramin shago, ɗan koyo zai iya riƙe shi, kuma biyan kuɗin gwani a kansa ɓarna ce. Wasu ayyukan ma yanzu kamfanoni irin su Moniepoint suna bayar da kayan yinsu tare da na'urarsu. Tsohon hannun da ya dogara da irin wannan aiki, ko yaro bai zo ba, zamani zai karɓe shi.

Makullan suna hannun wa?

Ga ɗan kasuwar da ya riga ya yanke shawarar sauyawa, tambayar da ta fi farashi muhimmanci ita ce wannan. Manhaja tana da makullai, kuma a mafi yawan lokuta duk suna hannun wanda ake shirin sallama. Adireshin shafin intanet da sunansa aka yi rajista. Rumbun da bayanan ke ciki da imel ɗinsa aka buɗe, da katinsa ake biya. Asalin rubutun manhajar yana cikin kwamfutarsa. Mai kanti kalmar sirrin shiga kawai yake da ita, kamar ɗan haya da aka ba makullin ɗaki amma takardun gida suna wurin wani.

Doka ma ba ta tsaya inda mutane ke zato ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris ɗin 2023, tana lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan rubutu, kuma asalin haƙƙin yana wurin wanda ya rubuta ne, sai idan yarjejeniya ta ce akasin haka. Wato biyan kuɗin aiki shi kaɗai bai isa ya tabbatar wa ɗan kasuwa mallakar rubutun ba. Yawancin waɗannan hulɗoɗi kuwa da baki aka ƙulla su, ko da saƙon murya a WhatsApp. Amma bayanan da ke ciki, sunayen masu bashi da lambobinsu da tarihin ciniki, na mai kasuwancin ne, kuma a ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta Yunin 2023 shi ne ke da alhakin tsare bayanan abokan cinikinsa ko a hannun wa suke. Tsohon hannun da ya riƙe su don huce haushi ya jefa kansa cikin shari'a, ya kuma ɓata sunansa a kasuwar da labari ke zagayawa kafin la'asar. Idan yana bin bashi, ya nemi haƙƙinsa ta hanyar dattawan kasuwa ko kotu.

Ma'aikatan gwamnati sun san wani nau'in wannan ciwo. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta ce a ba mai mafi ƙarancin farashi daga cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa, amma sau da yawa rabin farko na jimlar kawai ake karantawa. Shi ya sa ake ganin shafukan ma'aikatu da ƙananan hukumomi suna mutuwa da zarar an sauya ɗan kwangila, a sake ware kuɗi a gina sabo da wani adireshi, bayanan da aka tara su bi tsohon.

Ko manya ba su tsira daga wahalar ƙaura ba. A 2024 bankunan Sterling da Zenith da GTBank sun sauya manyan manhajojin da suke gudanar da asusun jama'a da su, kuma duk mai asusu a cikinsu yana tuna kwanakin da taransifa ta maƙale, aka cire kuɗi ba su isa ba. Waɗannan bankuna ne masu ɗaruruwan injiniyoyi da shirin watanni. Mai sayar da hatsi da ya miƙa lissafinsa ga mutum ɗaya ba shi da dalilin tsammanin tasa ƙaurar za ta fi sauƙi.

Abin da ya fi dacewa shi ne a biya tsohon kuɗin wata ɗaya ko biyu don ya zauna da sabon ya miƙa masa aiki, a mayar da adireshi da rumbu cikin sunan mai kasuwancin, a fitar da kwafin dukan bayanai a ajiye a wuri biyu, a kuma rubuta a takarda wa ya mallaki me. Sannan a bar tsohuwar manhajar da sabuwar su yi aiki tare na 'yan makonni, ana gwada jimillar wannan da ta waccan kowace yamma, musamman shafin bashi, inda kuskure ke iya kwana wata shida kafin wani ya zo da nasa littafin ya ce ba haka ba ne. Lokaci ma abin dubawa ne. A Illela ba a taɓa lissafi ranar Asabar da dare, ba a kuma taɓa shi a makonnin da ke gaban Babbar Sallah, lokacin da cinikin raguna na 'yan kwanaki ke iya kai na watanni. Damina, sa'ad da kasuwa ta ɗan lafa kuma manoma suna gona, ta fi dacewa da irin wannan aiki.